Tiyatar haihuwa bisa zaɓin uwa: Tsakanin 'yancin mace da nauyin da ke wuyan likita a Jos

A ranar 2 ga Agustan 2021, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa ta tsunduma yajin aikin da bai ƙare ba sai a farkon Oktoba. A ranar 14 ga watan aka kai wa wasu matafiya hari a hanyar Rukuba da ke Jos, washegari kuma gwamnatin Simon Lalong ta kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Duk macen da cikinta ya tsufa a wancan makon ta kwana da fargaba biyu: ko za ta samu abin hawa idan naƙuda ta taso da tsakar dare, da kuma ko za ta tarar da likita idan ta isa asibiti.

Wanda ya tuna wannan mako ba zai yi mamaki ba idan mai juna biyu a Jos ta zauna gaban likita a ranar awo, lafiyarta ƙalau, jaririn yana kwance daidai, ta ce ita a sa mata rana a yi mata aiki. Wannan ita ce tiyatar haihuwa bisa buƙatar uwa, wato a ciro jariri ta ciki ba tare da wata larura ta lafiya ta tilasta hakan ba. Amsar da za ta samu ta dogara ƙwarai ga likitan da ta tarar, domin likitocin mata sun shafe kusan shekara 30 ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Batun ya ƙara nauyi tun watan Nuwamban 2024, lokacin da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a Abuja cewa za a riƙa yi wa matan da ke da buƙata tiyatar haihuwa kyauta.

Ƙasar da tiyata ta yi wa kaɗan

Kafin a shiga muhawarar, ya kamata a san inda Najeriya ta tsaya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 21 cikin 100 na jariran duniya ta hanyar tiyata ake haifar su, kuma ana hasashen adadin zai kai kashi 29 a 2030. A ƙasashe biyar, wato Jamhuriyar Dominika, Brazil, Cyprus, Masar da Turkiyya, masu haihuwa ta tiyata sun fi masu haihuwa da kansu yawa. A Afirka kudu da Sahara kuwa adadin bai wuce kashi 5 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya sa adadin ƙasar a kimanin kashi 3, kuma ya gano cewa kashi 39 kacal na haihuwa ne ke faruwa a asibiti.

Tun taron Fortaleza na ƙasar Brazil a 1985 ake ambaton kashi 10 zuwa 15 a matsayin ma'auni. A 2015 hukumar ta fayyace cewa mace-macen iyaye mata da jarirai na raguwa yayin da adadin tiyata ke hawa zuwa kashi 10, amma daga nan ƙarin ba ya rage mutuwa. Saboda haka matsalar Najeriya ta farko ita ce mata da yawa da ke buƙatar aikin ba sa samun sa. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya.

Jos na da nata tarihin a rubuce. Farfesa Innocent Ujah, wanda daga baya ya shugabanci Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya, shi da abokan aikinsa sun bi kundin haihuwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, daga 1985 zuwa 2001. Sun ƙirga mata 267 da suka rasu, kwatankwacin 740 a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma zubar jini ne ya fi kashe su, sai ƙwayoyin cuta da jijjiga. A cikin garin kuma akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari ta Asibitin Jankwano, wanda yanzu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Mafi yawan masu wannan lalura doguwar naƙuda ce ta jawo musu ita, wadda da an yi musu tiyata a kan lokaci da ba su same ta ba.

A kan haka ne likitan da ya yi horo a Arewa ya saba da kokawar lallashin mace da danginta su yarda a yi aiki. Har yanzu akwai gidajen da ake kallon wadda aka yi wa tiyata a matsayin raguwa, akwai majami'un da ake addu'ar haihuwa irin ta matan Ibraniyawa, akwai kuma mazan da ke ƙin sa hannu har sai lokaci ya ƙure. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Enugu ya gano cewa fiye da mace ɗaya cikin goma da aka ba shawarar tiyata ta ƙi amincewa. Macen da ta zo da ƙafarta tana neman aiki baƙuwa ce ga likitan da ya taso cikin wannan yanayi.

Yadda ra'ayin likitoci ya sauya

Muhawarar ta fito fili ne daga birnin Landan a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka tambayi likitocin mata abin da za su zaɓa wa kansu ko matansu a cikin fari mai lafiya. Kashi 31 cikin 100 na likitoci mata suka ce tiyata, yayin da kashi 8 na maza suka faɗi haka. Babban dalilinsu shi ne tsoron yagewar gaba da kasa riƙe fitsari ko bayan gida daga baya. Sakamakon ya tayar da ƙura, domin ya nuna cewa wasu masana na zaɓar wa kansu abin da ba sa bai wa masu zuwa awo.

A 1998 kwamitin ɗa'a na tarayyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ya ce yin tiyata ba tare da dalilin lafiya ba bai dace da ɗa'ar aiki ba. A watan Maris na 2006 wani taron masana da Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka kira ya ce babu isasshiyar hujjar da za ta fifita hanya ɗaya a kan ɗaya, amma ya gindaya sharuɗɗa biyu: kada a yi aikin kafin ciki ya cika mako 39, kuma ba a ba da shawararsa ga macen da ke son haihuwa da yawa. A 2011 hukumar NICE ta Birtaniya ta matsa gaba. Ta ce a tattauna da mace, a ba ta taimako idan tsoro ne ke damun ta, idan ta dage a yi mata, likitan da bai yarda ba kuma ya tura ta ga wanda zai yi.

A Najeriya ma an auna ra'ayin. Binciken da Chigbu da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa fiye da rabin likitocin matan da aka tambaya sun karkata ga amincewa da buƙatar uwa, kuma kusan rabi sun taɓa yin irin wannan aiki. Wani binciken nasu na Enugu a 2007 ya gano cewa kimanin kashi 4 cikin 100 na tiyatar haihuwa a can bisa buƙatar uwa aka yi, kuma manyan dalilan su ne daɗewa ba a samu haihuwa ba da kuma ɗaukar cikin fari bayan shekaru sun ja. Wannan ya bambanta da hoton da ake yi wa irin waɗannan mata, na 'yan gayu masu gudun wahala. Da yawansu mata ne da suka shekara goma suna jiran ɗa, suna jin gorin dangin miji ko na kishiya, ba sa son a yi kasada da shi.

Abin da ke sa likita ja da baya

Likitan Jos da ya yi jinkirin amincewa yana da hujjoji uku masu nauyi, kuma babu ɗayansu da za a kira taurin kai.

Ta farko ita ce haɗarin aikin kansa a wannan nahiya. Wani babban bincike da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2019, wanda ya bi mata kusan 3,800 a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22, ya gano cewa mata biyar ko fiye cikin kowace 1,000 na rasuwa bayan tiyatar haihuwa, ninki 50 na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Gaskiya ne cewa mafi yawan waɗannan ayyuka na gaggawa ne, a kan matan da suka iso a galabaice, kuma aikin da aka tsara ranarsa ya fi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Duk da haka zubar jini da matsalar allurar sa barci ba sa tambayar dalilin aiki. Ƙa'idar da aka rubuta a Landan ta ɗauka cewa akwai jini a ajiye, akwai wutar da ba ta ɗaukewa, akwai ƙwararren mai sa barci dare da rana. Likitan da ke aiki a Filato sai ya tabbatar da kowanne daga cikinsu kafin ya ɗauki wuƙa.

Ta biyu, wadda ta fi kowace ƙarfi, ita ce yawan haihuwa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa matsakaiciyar 'yar Najeriya na haihuwar 'ya'ya 5.3, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 4.8. Kowace tiyata na barin tabo a jikin mahaifa. A ciki na gaba mabiyiya na iya sauka ta toshe bakin mahaifa, ko ta kafe a cikin tabon ta ƙi fita, abin da kan jawo zubar jini mai yawa har a cire mahaifar ɗungurungum. Wani bincike na Amurka a 2006 da ya ƙunshi mata fiye da 30,000 ya nuna cewa idan mabiyiya ta toshe hanya, yiwuwar ta kafe kashi 3 ne a tiyata ta farko, kashi 11 a ta biyu, kashi 40 a ta uku, kashi 61 a ta huɗu. Baturiyar da ke son 'ya'ya biyu ba za ta kai wannan mataki ba. Matar da ke zaune a Unguwar Rogo ko Bukuru, mai shekara 24, wadda ke fatan 'ya'ya shida, tana iya kai wa. Sannan babu tabbacin inda za ta yi haihuwa ta gaba. Idan an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Wase ko Kanam, ko kuɗi ya yanke, ko dangi suka matsa ta nuna za ta iya da kanta, tana iya yin naƙuda a gida da tabo a mahaifa. Ko a asibitin da ake sa ido sosai, tabon kan fashe a kimanin mace ɗaya cikin 200 da suka gwada haihuwa da kansu bayan tiyata ɗaya, kuma idan ya fashe minti ake ƙirgawa.

Ta uku ita ce adalci wajen rabon abin da ya yi kaɗan. A 2024 Minista Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne. Asibitin koyarwa da ke Lamingo na karɓar marasa lafiyar da aka turo daga Filato da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Sa'ar da aka bai wa aikin da ba na dole ba, da gadon da za a riƙe kwana uku ko huɗu, da ledar jinin da aka tanada, duk ana iya buƙatar su ga wadda aka kawo daga ƙauye tana jijjiga.

Abin da ke hana ƙi kai tsaye

Duk da waɗannan hujjoji, korar mace da kalma ɗaya bai wadatar ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya hanyoyin magani da ake da su, amfaninsu, haɗarinsu, kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin amincewa. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dokta Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali na da ikon ƙin magani ko da ransa na cikin haɗari. Sai dai ikon ƙin magani daban yake da ikon tilasta wa likita yin aikin da yake ganin ba shi da amfani. Dokar ta ba mace haƙƙin jin cikakken bayani, ta kuma bar wa likita hukuncin sana'arsa.

Shari'ar Montgomery da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2015 ta nuna illar ɓoye bayani. Matar ƙaramin jiki gare ta, tana da ciwon sukari, jaririnta babba ne. Likitarta ba ta faɗa mata cewa akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin 100 kafaɗar jaririn ta maƙale ba, don gudun kada ta nemi tiyata. Kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu naƙasar ƙwaƙwalwa. Kotun ta ce dole ne likita ya bayyana duk haɗarin da mai hankali zai ɗauka da muhimmanci. Hukuncin bai ɗaure kotunan Najeriya ba, amma lauyoyi da alƙalan ƙasar na duba irin waɗannan hukunce-hukunce. Darasinsa shi ne haihuwa da kai ma tana da nata haɗari, kuma mace na da haƙƙin jin ɓangarorin biyu.

Akwai kuma abin da buƙatar kanta ke fallasawa. Sau da yawa mace na neman tiyata ne domin ta guje wa ɗakin naƙuda. Allurar baya mai kashe zafin naƙuda, wadda ta zama ruwan dare a Turai, ba ta samuwa ga mafi yawan matan Najeriya. Wadda ta sha tsawa a haihuwar fari, ko aka ɗinke ta ba a kashe mata zafi ba, ko ta fita asibiti hannu rabbana bayan kwana biyu tana naƙuda, tana da dalili. Haka ma wadda ke lissafin yajin aiki da dokar hana fita. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma macen da ke son aikin da za a yi da hantsin Talata, babban likita na tsaye, ta auna shi ne da aikin gaggawa na ƙarfe biyun dare. Idan an ƙi ta ba tare da sauraro ba, ba za ta fasa ba. Za ta nufi asibitin kuɗi, kuma ba kowane asibitin kuɗi ke da ma'ajiyar jini ko wurin kula da jariri ba.

Inda kuɗi ya shigo

A nan batun ya shafi ma'aikacin tarayya kai tsaye. A tsarin inshorar lafiya na ma'aikata, wanda dokar 2022 ta mayar ƙarƙashin hukumar NHIA, tiyatar haihuwa na cikin ayyukan mataki na biyu, waɗanda sai kamfanin da ke kula da mai inshora ya ba da lambar izini. Izinin na dogara ne ga dalilin da likita ya rubuta. Idan tsarin bai tanadi gurbin da za a rubuta buƙatar uwa a fili ba, ƙofa na buɗewa ga rubuta dalilin da bai kai ya kawo ba, kamar ƙanƙantar ƙugu ko girman jariri. Illar haka biyu ce: alƙaluman da gwamnati ke tsara manufa da su sun gurɓata, kuma macen za ta ɗauki wannan bayani zuwa kowane ciki na gaba.

Shirin tiyata kyauta na 2024, wanda ke cikin yunƙurin rage mutuwar iyaye mata a ƙananan hukumomi 172 da suka fi fama da ita, an gina shi ne domin matalauta da masu larura. Wannan iyaka daidai take, kuma tsare ta aiki ne. A asibitin kuɗi tiyata ta fi haihuwa da kai kawo riba, ta kuma fi sauƙin tsarawa. Brazil ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa, domin a asibitocin kuɗi na can mafi yawan haihuwa ta tiyata ce. A irin wannan yanayi yana da wuya a bambance macen da ta zaɓa da wadda aka zaɓa mata.

Mafita

Abin da ya fi dacewa da Jos da sauran biranen Arewa shi ne ƙa'ida rubutacciya wadda likita da mai ciki za su san da ita tun ranar awon farko. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ƙungiyar likitocin mata ta SOGON ne ke da hurumin daidaita ta. Ya kamata ta ƙunshi tambayar mace dalilinta, a zama fiye da ɗaya, a harshen da take ji, Hausa ko Berom ko Turanci. Ya kamata a tambaye ta 'ya'ya nawa take fata, domin amsar ita ce ke sauya ma'aunin haɗari. Idan zafi take tsoro, a fara ba ta maganin zafi da damar shiga da wani nata ɗakin naƙuda. Idan ta dage bayan ta ji komai, babban likita na biyu ya duba, kada a yi kafin mako 39 saboda huhun jariri, kuma a yi shi a asibitin da ke da jini da mai sa barci. Likitan da zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tura ta ga abokin aikinsa maimakon ya sallame ta. Sa hannun da ya zama dole shi ne nata, na miji shawara ce.

Sauran aikin na masu riƙe da alƙalami ne a Abuja da Jos. NHIA da hukumar inshorar jihar, PLASCHEMA, su fayyace ko suna biyan irin wannan aiki, idan ba sa biya su faɗi wanda zai cike gibin, su kuma ware masa gurbi a takardar neman izini. Asibitoci su yi amfani da tsarin Robson, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015, mai raba masu haihuwa rukuni goma, domin a ga a wane rukuni tiyata ke ƙaruwa kuma a wane asibiti. Kasafin kuɗi kuma ya kai ga ungozomomi, ma'ajiyar jini da masu sa barci a manyan asibitocin Pankshin, Shendam da Langtang.

Matar da ke neman tiyata a Rayfield da wadda ta rasa ta a ƙauyen Wase abu ɗaya suke tsoro, wato naƙudar da babu mai tsaya musu. Ranar da ɗakin naƙuda ya zama wurin da ake kashe zafi, ake magana da mutunci, ake samun likita ko da ana yajin aiki, masu neman a sa musu rana za su ragu da kansu. Kafin wannan rana, likita na da damar ya ce bai yarda ba, amma sai bayan ya saurara, ya yi bayani, ya kuma nuna ƙofa ta gaba.